Kaji dubbai a cikin keji: wa yake biyan kuɗin arahar ƙwai?

Abu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya da ta daɗe tana cin raina. Muna zaune a wata unguwa da ke bayan garin Kano, kuma a bayan katangarmu akwai gidan gona na kajin ƙwai wanda a shekaru uku da suka wuce aka ƙara masa manyan rumfuna guda biyu. Tun daga lokacin, idan damina ta faɗi, ba ma iya cin abinci a tsakar gida saboda ƙudaje, da dare kuma ɗoyin kashin kaji yakan tilasta mana rufe tagogi ko da ana zafi. Makon jiya na shiga ciki domin sayen fasasshen ƙwai da suke sayarwa da rahusa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: kejin waya hawa uku, kowane ɗaki na kejin da kaji uku ko huɗu, babu wadda za ta iya buɗe fikafikanta, kuma dukkansu an datse musu tsinin baki. Tambayata ita ce, shin wannan shi ne ci gaban da ake kiran mu zuwa gare shi, kuma akwai wanda ya taɓa lissafa abin da yake jawo wa kajin da maƙwabta da ƙasar da ake zuba kashin?

MamanKhairat:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Sadiq, ina tausaya maka game da ƙudaje, amma ka bar ni in yi magana a madadin waɗanda kake tuhuma. Ina da kajin ƙwai 2,000, kuma da su nake biyan kuɗin makarantar 'ya'yana huɗu da albashin ma'aikata uku. Kazar Hausa da ke kiwo a tsakar gida takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, sauran lokacin tana kwanci ne ko renon 'yan tsaki. Kazar gidan gona kuwa takan kusa 300. Idan aka ce a koma kiwon sake kaɗai, mai shayi na bakin titi ba zai samu ƙwan da zai soya ba, yaron talaka kuma sai ya yi wata bai ga ƙwai a kwanonsa ba. Keji da kake gani yana raba kaza da kashinta, yana rage tsutsar ciki, ƙwai kuma yana fitowa da tsabta. Datse baki ana yin sa ne domin kada su tsattsage junansu, don na taɓa rasa kaji fiye da ashirin a mako guda saboda sara. Ina kuma so in tambaye ka: gidan gonar ne ya tarar da unguwarku, ko unguwar ce ta tarar da shi?

Abu_Sadiq:
Hajiya, gaskiya ɗaya ce: gidan gonar ya riga gidajenmu. Amma lokacin da muka sayi filayen rumfa ɗaya ce ƙarama, yanzu kuwa rumfuna uku ne, kuma babu wanda ya nemi jin ta bakinmu kafin a ƙara su.

Ɗan_Kurna77:
Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar da ake yi wa kajin nama domin su kumbura. Ta yaya ɗan tsako zai zama ƙatuwar kaza a cikin sati shida idan ba an ɗura masa wani abu ba? Na daina cin su tun da na ji ana cewa suna rage wa namiji ƙarfi.

LikitanDabbobi_Samaru:
Malam na Kurna, wannan magana ta yaɗu ƙwarai, amma ba haka abin yake ba, kuma gaskiyar ta fi jita-jitar nauyi. Ba a buƙatar allurar ƙara girma, domin irin kazar ne aka sauya ta hanyar zaɓen waɗanda suka fi saurin girma ana haɗa su, tsara bayan tsara, fiye da shekara sittin. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada sun ajiye irin kajin nama na 1957 da na 1978 da na 2005, suka ba su abinci iri ɗaya, suka auna su a rana ta 56. Na 1957 ya kai giram 905, na 1978 ya kai giram 1,808, na 2005 kuwa ya kai giram 4,202. Babu allura a ciki ko kaɗan.

Abin da ya biyo baya shi ne tsoka tana girma da saurin da ƙashi da zuciya ba sa iya bin ta. Duk wanda ya yi kiwon buroila, wato kajin nama, ya san kazar da ke zaune a gindin mazubin abinci ta kasa tashi, ƙafafunta sun buɗe, ya kuma san wadda ake wayar gari a same ta a rigingine ta mutu ba tare da alamar ciwo ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya yi tsanani a Arewa, irin wannan mutuwa takan ninka, domin kaza ba ta gumi, da baki take fitar da zafi. Zaman da suke yi a kan jiƙaƙƙen garin katako ko buntun shinkafa kuma yana ƙona musu ƙirji da tafin ƙafa.

Game da kejin da Malam Abu Sadiq ya gani, a Tarayyar Turai tsohuwar doka ta ba kowace kaza murabba'in santimita 550, wato ƙasa da faɗin takardar buga wasiƙa guda ɗaya, kuma daga farkon 2012 suka haramta irin wannan keji baki ɗaya. Hajiya Maman Khairat ta yi gaskiya kan tsutsa da tsabtar ƙwai. Sai dai sarar juna da ta ambata, cunkoso da rashin abin tono suna cikin manyan dalilansa. Kaza halittarta ce ta yi tono, ta yi birgima a turɓaya, ta nemi lungu idan za ta yi ƙwai, ta hau wani abu idan dare ya yi, kuma kejin waya ya hana ta dukkan huɗun.

Ɗan_Kurna77:
Na gode Likita, na karɓi gyara. Amma wannan bayanin bai sa na ji sha'awar komawa cin su ba.

Ummu_Hafsa_Famasi:
Ina aiki a ɗakin bayar da magani na wani asibiti, kuma ina roƙon a mayar da hankali kan abin da ake zuba wa kaji a ruwan sha, domin can ne haɗarin yake, ba a allurar da babu ita ba. A wurare da yawa, tun ranar da aka kawo 'yan tsaki ake fara ba su magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ba don suna ciwo ba, sai don kada su yi. Magungunan kuwa dangin waɗanda muke ba mutane ne. Tetirasaikilin iri ɗaya ne, enrofuloksasin da ake ba kaji kuma ɗan'uwan sifiro ne da ake rubuta wa masu taifod. Mafi ban tsoro shi ne kolistin, wanda likitoci suke ajiyewa sai sauran magunguna sun gaza. A 2015 aka gano a ƙasar Sin cewa ƙwayoyin cutar da ke jikin aladun gidajen gona sun samu wata ƙwayar gado da ke sa su bijire wa kolistin, kuma suna iya miƙa ta ga wasu ƙwayoyin cutar. Ƙasar ta hana amfani da shi a matsayin abin ƙara girma a 2017. Turai kuwa tun 2006 ta hana zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi domin ƙara musu girma.

Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani, kuma yankin da ya fi yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Ban ce kaji ne suka jawo wannan su kaɗai ba, domin mu ma muna shan kafso ba tare da takardar likita ba. Amma a jikin kowane ƙunshin maganin kaji an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sayar da ƙwai ko nama. Ina so masu kiwo su gaya mana tsakani da Allah, nawa ne suke zubar da ƙwan waɗannan kwanaki?

MamanKhairat:
'Yar'uwa Ummu Hafsa, kin tambaya tsakani da Allah, zan amsa haka. Ban san mai kiwon da yake zubarwa ba, ni ma ba na zubarwa. Kaji 2,000 suna cin buhu tara zuwa goma na abinci a kowace rana, ko an sayar da ƙwai ko ba a sayar ba. Idan na ba su magani na kwana biyar, na ƙara jiran mako guda, na zubar da fiye da kiret 600, kuma babu wanda zai biya ni. Maƙwabcina da bai zubar ba zai kai nasa kasuwa a farashi ɗaya da nawa. Abin da na iya yi shi ne na daina bayar da magani sai likita ya zo ya duba, na kuma tsananta allurar rigakafi da hana baƙi shiga rumfa. Na ga bambanci a aljihuna ma, domin maganin ba shi da araha.

Malam_Mai_Almajirai:
Allah Ya saka wa Hajiya da alheri bisa faɗin gaskiya a kan kanta. Ni ba masanin kiwo ba ne, amma akwai abin da na ga muna mantawa. Mun taƙaita halaccin nama ga wuƙa da ambaton sunan Allah, alhali addini ya yi magana a kan dabba tun tana raye. Hadisi ya tabbata cewa an wajabta kyautatawa a kan komai, har aka umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Ya kuma tabbata cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kajin keji ana ciyar da su, saboda haka ba zan ce hukuncin ɗaya ne ba, kuma ba ni da ikon cewa namansu ko ƙwansu haramun ne. Amma idan an hana a wasa wuƙa a gaban dabba domin kada ta firgita na ɗan lokaci, ya kamata mu tambayi kanmu game da halittar da za ta yi shekara ɗaya da rabi ba ta taka ƙasa ba. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma ba su ce yanka ya halatta ƙuntata mata kafin ranar ba.

Manomin_Kadawa:
Allah gafarta Malam, bayaninka ya shiga. Ni zan koma kan kashin da mai tambaya ya kira abin ɗoyi, domin a wurinmu masu noman rani dukiya ne. Tun da takin zamani ya yi tsada, buhun kashin kaji muke nema ruwa a jallo, har daga kudancin ƙasar nan ake lodo shi a manyan motoci zuwa gonakin tumatir da albasa da masara. Matsalar unguwar Malam Abu Sadiq ba ta kashi ba ce, ta ajiya ce. Idan ana kwashe shi akai-akai, a shanya shi a ƙarƙashin rumfa ya bushe, warin yana raguwa sosai kuma ƙuda ba ya samun wurin yin tsutsa. Da damina ne abin yake lalacewa, lokacin da masu saye suka ragu, ga ruwan sama yana dukan tarin. Sai dai zan yi gargaɗi: ɗanyen kashi yana ƙona shuka, kuma wanda ya zuba shi ɗanye a lambun latas ko kabeji da ake ci ba dafawa, ya kai wa mutane ciwon ciki har gida.

Injiniya_Ruwa:
Ina ƙara wa maganar Manomin Kadawa lissafi kaɗan. Kazar ƙwai guda tana yin kashi fiye da giram 100 a rana, saboda haka gidan da ke da kaji 10,000 yana tara fiye da tan ɗaya kullum. Idan aka jibge shi a ƙasa ruwa ya doke shi, sinadarin naitiret da ƙwayoyin cuta suna bin ƙasa su gangara, kuma rijiyoyin gida marasa zurfi su ne farkon karɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a miligiram 50 cikin lita ɗaya, musamman saboda jarirai, waɗanda yake hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Malam Abu Sadiq, idan rijiya kuke sha ba burtsatse mai zurfi ba, ku haɗa kuɗi ku kai ruwan a auna, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina. Takardar awo ta fi ƙorafin baki tasiri a gaban kowace hukuma.

Baƙo_a_Holan:
Gaisuwa ga kowa. Ina zaune a Holan shekaru da dama, kuma ina ganin ƙarshen hanyar da muke farkonta. Ƙasar nan ba ta kai jihar Kaduna faɗi ba, amma tana ɗauke da kaji kusan miliyan 100, aladu wajen miliyan 10, da shanu kusan miliyan 4. Abincinsu da yawa daga waje ake shigo da shi, har da waken suya daga Kudancin Amurka, naman da madarar kuma a fitar da su waje, amma kashin a nan yake tsayawa. Iskar ammoniya da ke tashi daga gare shi ta lalata dazuzzukan da doka ta kare, har a watan Mayu na 2019 babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta rushe tsarin da gwamnati take bayar da izini da shi, ayyukan gine-gine masu yawa suka tsaya. Da aka fara maganar rage dabbobi, manoma suka fito da taraktoci suka toshe hanyoyin zuwa birnin Hague. Ban ga laifin manoman ba gaba ɗaya, domin bankuna da gwamnatoci ne suka shekara da shekaru suna ce musu su faɗaɗa, suka ci bashi suka faɗaɗa, sannan aka dawo aka ce sun yi yawa. Manomin Kadawa yana sayen kashi da kuɗinsa, a nan kuwa mai gona ne yake biya a kwashe masa.

Jauro_Ɗan_Burtali:
Tun da aka fara muhawarar nan nake jira a zo kan shanu. Shekara da shekaru ana gaya mana cewa kiwon yawo ya tsufa, a killace shanu kamar yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Binuwai ta yi dokar hana kiwon sake a 2017, aka yi rigimar Ruga a 2019, aka kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, kuma a ƙarshen shekarar aka sanar da yarjejeniya da kamfanin nama na JBS na Brazil kan zuba dala biliyan 2.5 domin gina masana'antu shida, uku na kaji, biyu na shanu, ɗaya na alade. Ba na adawa da killacewa, domin mun gaji da rikici da asarar rayuka, kuma burtalai da yawa sun zama gonaki. Amma saniyar da ke bin daji tana cin ciyawa da karan dawa da harawa, abubuwan da mutum ba ya ci, ta bar wa manomi taki a gonarsa bayan girbi. Saniyar da aka tsare a fili ana ɗura mata hatsi kuwa, da bakin ɗan Adam take takara. Ina so a gaya mini daga ina masarar za ta fito, kuma makiyayi mai shanu talatin, mai gida zai zama a wannan tsari ko ɗan ƙwadago?

Ɗalibar_Muhalli:
Baba Jauro, da girmamawa, shanun yawo ma ba su tsira daga zargi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce dabbobi ne suke fitar da rabin iskar da ke ɗumama duniya, kuma shanu ne kan gaba.

LikitanDabbobi_Samaru:
Ɗalibar Muhalli, adadin bai kai haka ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar ta ce kashi 18 cikin 100 a rahotonta na 2006, sannan ta ce kashi 14.5 a na 2013. Amma kin yi daidai cewa shanu ne kan gaba, saboda iskar mitan da suke fitarwa ta gyatsa yayin tuƙa. Akwai wani abu a nan da ba ya yi wa kowane ɓangare daɗi. Idan da ma'aunin iska kaɗai za a auna, kazar gidan gona ta fi saniya sauƙi nesa ba kusa ba, domin buroila tana mayar da ƙasa da kilo biyu na abinci ya zama kilo ɗaya na nauyin jikinta. Wato dabbar da ta fi shan wahala ita ce ta fi sauƙin illa ga yanayi, kuma saniya ɗaya tana bayar da naman da sai an yanka kaji fiye da ɗari kafin a samu. Duk wanda ya ce yana da amsa guda da ta gamsar da dabba da mutum da muhalli lokaci ɗaya, ina son in ji ta.

Tambayar Baba Jauro kan masara kuma tana da tushe. Masara ce take ɗaukar rabi ko fiye na abincin kaji, kuma a 2023 da 2024, lokacin da farashinta ya tashi, gidajen kaji da yawa sun rufe, a daidai lokacin da magidanta suke rage awon tuwo.

Zango_Kumasi:
Salamu alaikum daga Gana. Kafin ku rufe gidajen kajinku, ku dubi abin da ya same mu. A nan mafi yawan kazar da ake ci daskararriya ce, daga Turai da Amurka da Brazil, cinyoyi da fikafikai da baya a cikin kwali, a farashin da mai kiwo na gida ba zai iya karawa da shi ba. Masu kiwon kajin nama da yawa sun daina, waɗanda suka rage sun koma ƙwai ko suna jiran lokacin bukukuwa. Kajin da muke ci ɗin ma daga manyan gidajen gona suke, waɗanda suka fi naku girma sau ɗari, sai dai ba ma jin warinsu, ba ma kuma samun aikin yi ko takinsu. Najeriya ta hana shigo da daskararrun kaji tun zamanin Obasanjo, ko da yake ana fasa-ƙwaurinsu ta Kwatano, Kamaru ma ta taƙaita shigo da su a tsakiyar shekarun 2000 bayan jama'a sun yi gangami. Idan kuka kashe naku, ba kazar Hausa ce za ta cike gurbin ba.

Tsohon_Ma'aikaci:
An yi maganar kaji da maƙwabta da masu gona, bari in yi maganar waɗanda suke kwana a ciki. Na yi shekara biyu ina aiki a wani babban gidan kaji. Idan ka shiga rumfa da asuba kafin a ɗaga labule, iskar takan sa idanunka hawaye, maƙogwaronka ya yi ɗaci, kuma ba a taɓa ba mu abin rufe hanci ba sai ranar da baƙi za su zo. Na bar aikin da tarin da ya ɗauke ni watanni. Aikina na farko kowace safiya shi ne tsince matattu. An ce a binne su, amma akwai masu zuwa ƙofar baya da buhu suna saye da araha, kuma ban taɓa tambayar inda suke kai su ba domin na san amsar. Har yau ba na sayen gasasshiyar kaza idan ban san mai gashin ba.

Hajiya_Rigasa:
Maganar matattun kaji ta tuna mini da 2006. A watan Fabrairu na shekarar aka tabbatar da murar tsuntsaye a wani babban gidan gona da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma shi ne karo na farko da aka tabbatar da nau'inta da ake kira H5N1 a Afirka. Cikin ɗan lokaci ta bayyana a Kano da Filato da wasu jihohi. Gwamnati ta sa diyyar naira 250 a kan kowace kazar da aka kashe, abin da bai kai kuɗinta a kasuwa ba, saboda haka wasu suka riƙa gaggawar kai nasu kasuwa kafin jami'ai su iso, cutar ta ƙara yaɗuwa. A farkon 2007 wata matashiya ta rasu a Legas sanadiyyarta. Ni kajina na gida goma sha ne kawai, ba su kamu ba, amma wata biyu babu mai tayawa. Ta sake dawowa a 2015. Inda kaji dubbai iri ɗaya suke shaƙar iska ɗaya, cuta ba ta buƙatar kwana uku ta gama da rumfa.

Ɗan_Maraɗi:
Hajiya, haka ne, amma a yi adalci. A ƙauyukanmu babu keji babu rumfa, duk da haka kowace shekara da sanyin hunturu cutar nan mai sa kaji zawo da murɗewar wuya takan share kajin gari guda, shirwa da muzuru kuma su kwashe rabin 'yan tsakin da suka rage. Kiwon sake ba aljanna ba ce ga kaza. Abin da na ga yana aiki a wurinmu shi ne tsakiya: mace ta riƙe kaji ko zabi hamsin zuwa ɗari, akurki mai tsabta da dare, fili mai shinge da rana, rigakafi a kan lokaci, a ƙara musu dusa da ɗan hatsi. Ba zai ciyar da birni kamar Kano shi kaɗai ba, amma kuɗin yana shiga hannun mata dubbai maimakon mutum ɗaya.

MamanKhairat:
Malam na Maraɗi, da hamsin na fara ni ma. Abin da ya tura ni zuwa 2,000 shi ne ribar kowane kiret ƙanƙanuwa ce, sai da yawa take zama kuɗi. Zan iya sauke kajina daga keji in zuba su a ƙasa a kan buntu, amma sai na gina rumfa ta biyu, ƙwai zai riƙa ƙazanta yana fashewa, kuma dole in ƙara farashi. Ina tambayar duk waɗanda suka yi magana a nan, har da Malam Mai Almajirai: idan na kawo kiret biyu kasuwa, ɗaya na keji, ɗaya na kajin ƙasa da ƙarin naira 700, wanne za ku ɗauka?

Malam_Mai_Almajirai:
Hajiya, a watan da aljihu yake da nauyi zan ɗauki na biyun. A sauran watanni, ina jin kunyar amsar.

Abu_Sadiq:
Na gode wa kowa. Jiya bayan sallar isha'i mun zauna da mai unguwa da wasu magidanta, na karanta musu shawarar Injiniya da ta Manomin Kadawa. An amince a haɗa kuɗin awon ruwan rijiyoyi uku da suka fi kusa da katangar, sannan dattawa biyu su je wurin mai gonar a kan maganar kwashe kashi sau biyu a mako da yi masa rumfa kafin damina. Ba wanda ya kawo maganar kajin kansu a zaman, ni ma ban samu fuskar kawo ta ba, domin rabin waɗanda suka halarta a can suke sayen fasasshen ƙwai. Manomin Kadawa, idan mai gonar ya yarda, kuna iya ɗaukar kashin da damina ma, ko sai rani?

Manomin_Kadawa:
Idan busasshe ne kuma a buhu, muna ɗauka kowane lokaci, masu masara ma suna nema a farkon damina. Jiƙaƙƙe ne ba mai mota da zai yarda ya loda. Ka fara tambayarsa buhu nawa yake tarawa a mako, sai in san ko zai cika mota.